Wutar ta birni ce, to gonar fa ta wa ce?

Duk shekara in layya ta matso, mu Hausawan da ke wannan yanki na Teksas sai mu haɗa kuɗi mu cika mota biyu ko uku mu nufi bayan gari, don a cikin birni ba ka isa ka kayar da rago a ƙofar gida ba, kafin ka gama wasa wuƙa maƙwabci ya kira maka 'yan sanda. Akwai wani dattijo Bature da muke zuwa gonarsa, tafiyar kaman awa ɗaya ce daga inda nake zaune, yana kiwon awaki da tumakin nan marasa ulu masu kama da namu na gida, kuma mun saba da shi har ya kai yana riga mu sanin ranar Sallah, shi ke kiran waya ya ce in ware muku guda nawa bana. Mutum ne mara yawan magana, in ya faɗi kuɗin rago shike nan ba ragi, mun yi ciniki irin na Kasuwar Wudil da shi mun gaji mun haƙura.

Wata shekara muna cikin fiɗa, zafi kaman ana hura wuta, sai ya shiga gida ya fito da wata ƙatuwar ambulan, ya shimfiɗa taswira a bayan akori-kurarsa ya danne kusurwoyin da duwatsu da kofin kofi don iska. Hoton gonakin yankin ne daga sama, an zazzana layuka ja da shuɗi da ruwan ɗorawa sun sarƙe kaman hanjin kaza, kowane guntu da lambarsa. Ya ɗora yatsa a kan wani jan layi ya ce kun ga wannan, nan ne tsakanin gidana da kwamin da dabbobi ke shan ruwa, ya ɗaga hannu ya nuna mana wasu manyan itatuwa guda biyar da ya ce kakansa ya tarar da su a wurin. Babban layin wuta za a ja, kuma kamfanin da zai ja ɗin na birni ne. Sai ya juyo ya kalle ni ya ce kai da ke zaune cikin gari kana da ƙuri'a a zaɓen magajin gari ko? Na ce ƙwarai. Ya ce to ni ba ni da ita, wutar kai za a kai wa, ƙarfen a gonata za a kafa. Bai faɗa da fushi ba fa, kaman yana faɗin kuɗin rago ya faɗa. Alhajin da muke tafiya tare, wanda ya girme ni kuma shi ke riƙe mana kuɗin layya, ya ɗago daga kan ragon hannunsa duk jini ya ce min da Hausa, Malam, ka ji kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi.

Bari in ɗan yi bayani don wanda bai san tsarin nan ba. A Amurka ba duk kamfanin wuta ne na 'yan kasuwa ba, akwai garuruwa wajen 2,000 da su ke da nasu kamfanin, mallakar birni ne kaman yadda hukumar ruwa take. A Teksas kaɗai sun kai 72. Austin tana da nata tun 1895, San Antonio ta sayi nata a 1942, shi ne ake kira CPS Energy yanzu, kuma babu kamfanin birni mai haɗa wuta da gas da ya kai shi girma a duk ƙasar. Akwai na Lubbock, akwai na Garland da Denton da Bryan da Brownsville. Lokacin da Teksas ta buɗe kasuwar wuta da dokar 1999, aka fara gasar saida wuta a 2002, waɗannan biranen an bar musu zaɓi ko su shiga ko su tsaya yadda suke, kusan dukkansu suka tsaya. Majalisar birni ko hukumar da ta naɗa ita ke yanke farashi, ba jiha ba. Ribar kuma ba aljihun masu hannun jari a New York take tafiya ba, asusun birni take shiga, a San Antonio har kashi 14 cikin ɗari na kuɗin da kamfanin ya tara birnin ke iya karɓa, da shi ake biyan 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da gyaran titi.

Ni kam ina son wannan tsarin, ba ɓoye-ɓoye. Wanda ya tashi yana jin yara na ihun NEPA ta kawo wuta, ya zo ya tarar da wurin da in bil ya yi tsada zai iya zuwa zauren majalisar birni ya rubuta sunansa a ba shi minti biyu ko uku ya tsaya gaban kansiloli ya zazzage musu, kuma su san cewa in zaɓe ya zo yana iya rama wa, wallahi dole abun ya burge shi. Shi ya sa maganar dattijon nan ta tsaya min a wuya, don duk abun da nake yabon tsarin da shi, wato ƙuri'a, shi ne ainihin abun da shi ba shi da.

Kuma fa birni a nan yana da ikon karɓar filin mutum don amfanin jama'a ko yana so ko ba ya so, har a wajen iyakar birnin, in dai don aikin wuta ne ko ruwa. Ba wai su ƙwace gonar gaba ɗaya ba, a'a, wani zirin fili suke saye haƙƙin ratsawa a kai, sunanka na nan a takarda amma ba ka gini a wurin, ba ka barin dogon itace, kuma motocinsu na da damar shigowa duba layi har illa masha Allahu. Kuɗin sau ɗaya ake biya. In kun kasa daidaitawa sai su kai kotu, alƙali ya naɗa mutum uku masu fili a gundumar su yanke diyya, amma su ukun nan kuɗi kawai suke dubawa, ba ruwansu da ko layin ya dace ya bi ta nan ko bai dace ba. Kamfanin 'yan kasuwa ma yana da wannan ikon, sai dai shi tun da daɗewa ba ya taɓa ƙasa sai ya je hukumar jiha mai kula da kamfanonin wuta, wadda ake kira PUC, da aka kafa a 1975, ya nemi takardar shaidar cewa jama'a na buƙatar layin, ya kawo hanyoyi daban-daban, a aika wa masu filaye wasiƙa, a saurare su, sannan kwamishinoni su zaɓi hanya ɗaya. Kamfanin birni kuwa shekara da shekaru ba ya cikin wannan layin. Shi zai zana hanyar, hukumarsa ko majalisar birninsa ta amince, lauyoyinsa su je kotu. Shi ne mai nema shi ne mai bayarwa. Ba wai ba sa kiran taron jin ra'ayi ba, suna kira, har da lemo da biskit, amma mai yanke hukunci a ƙarshe mutum ne da kujerarsa ke hannun 'yan cikin gari.

A 2015 majalisar dokokin Teksas ta toshe wannan ƙofar da wata doka mai lamba 776 daga majalisar dattawan jihar, Sanata Troy Fraser ne ya kawo ta, shi kuma yankin karkara yake wakilta, can ƙasar tuddai ta yammacin Austin, inda mutane suka riga suka ɗanɗana rikicin manyan layuka lokacin da aka ja wajen mil 3,600 na waya don kawo wutar iska daga yammacin jihar, aikin da ya ci kusan dala biliyan 7. Dokar ta ce kamfanin birni ba zai gina ko ya tsawaita babban layin wuta a wajen iyakar birnin ba sai ya samu waccan takardar daga PUC, daidai da kowa. An bar musu 'yar sarara, gyaran tsohon layi da ba ya buƙatar sabon fili ba sai an nemi izini ba, sannan layin da bai wuce mil 10 daga yankin da suke ba wa wuta ba an ɗaga masa ƙafa har zuwa Satumban 2021. Ambulan ɗin da dattijon ya nuna mana, da taswirar da fom ɗin shiga shari'a da ke ciki, duk 'ya'yan wannan dokar ne. Da a ce shekaru goma kafin nan ne, ƙila abu na farko da zai gani shi ne safiyo na kafa tutoci a gonarsa.

To ni ra'ayina, dokar nan daidai ce, kuma duk jihar da ta bar kamfanin birni ya fita bayan gari ya kafa ƙarfe ba tare da wani na sama ya duba ba ta yi sake. Ba don 'yan birni mugaye ba ne. Kansila mutumin kirki ne ma a ce, in aka ajiye masa hanya biyu, ɗaya ta bi bayan sabuwar unguwa mai gidaje ɗari uku da duk masu ƙuri'a ne, ɗaya ta bi ta gonaki goma sha biyu na mutanen da ko sunansu ba ya cikin rajistar zaɓen birni, wace kuke jin zai ɗauka? Ko ni aka ba kujerar na san wadda zan ɗauka, kuma zan kwana ina ganin na yi adalci. Wataƙila ma ta gonakin ce ta fi dacewa da gaske, don an fi son a kauce wa gidajen mutane, amma bai kamata wanda ke da riba a cikin amsar ya zama shi ne mai ba da ita ba. Dattijon nan yana zaɓen gwamna, yana zaɓen sanatan jiha da ke tantance kwamishinonin PUC. Igiyar doguwa ce siririya, na yarda, amma dai akwai ta a hannunsa, ta birni kuwa ko zare babu.

Sannan akwai maganar kuɗi da mutane da yawa ba su sani ba, ni ma sai da na zauna na bi diddigi na gane. Kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar Teksas a kan tsari ɗaya take, wanda hukumar ERCOT ke gudanarwa, kuma kuɗin gina manyan layuka a cikinsa ba a ɗora wa wanda ya gina shi kaɗai, tara shi ake wuri ɗaya a raba wa kowa gwargwadon wutar da yake ja lokacin tsananin zafi. Ma'ana in kamfanin wani birni ya ja layi mai tsada, mai shagon aski a Houston da tsohuwa 'yar fansho a Dallas duk suna da kaso a cikin bil ɗinsu, alhali ba su taɓa taka birnin ba. In kuwa kowa zai biya, ai ba majalisar gari ɗaya ce za ta yanke ita kaɗai ba. Wannan hujjar ma ta fi ta ƙuri'a sauƙin ganewa in ka tambaye ni. Kuma dama can dokar Teksas ta san da wannan matsalar ta wani gefen, don masu shan wutar birni da ke zaune wajen iyakarsa suna da damar kai ƙarar farashi gaban PUC, an yi haka da Austin bayan ƙarin kuɗin 2012, aka ƙare da sulhu aka rage wa na wajen gari. In an yarda mutum ya kai kuka kan 'yan daloli a bil, ina dalilin hana shi kai kuka kan gonar gado?

Wanda ke ganin birni ba zai taɓa cin zalin ƙauye ba ya je ya karanta abun da ya faru tsakanin Los Angeles da kwarin Owens a Kalifoniya. Birnin ya saye filaye da haƙƙin ruwa, ya ja magudana mai mil 233 da aka buɗe a 1913, cikin shekaru goma sha 'yan kai tafkin Owens ya ƙafe ya koma filin ƙura. Ruwa ne ba wuta ba, amma ma'aikata ɗaya ce yau ke riƙe da ruwan Los Angeles da wutarta, kuma mallakar jama'a ce ɗari bisa ɗari. Mallakar jama'a, eh, amma wace jama'ar?

A mota muna dawowa, nama a cikin kuloli da ƙanƙara, ni da Alhaji muka kaure da gardama har yaran da ke baya suka cire abun kunne suna saurare. Shi cewa yake, Malam, kai dai ka cika tausayi, ka manta Fabrairun 2021? Ka manta kwana uku muna kwance falo ɗaya da barguna, matarka na narka ƙanƙara a tukunya don a samu ruwan banɗaki? Na ce Alhaji ai ba a manta wannan. Gidaje da shaguna sama da miliyan huɗu da rabi suka rasa wuta, gwamnatin jiha da kanta ta ƙirga mutum 246 da suka mutu, kuma shugaban ERCOT na lokacin ya ce saura minti 4 da daƙiƙa 37 duk tsarin ya durƙushe. Ya ce to jihar da mutane ke kwarara cikinta kullum, ga masana'antu ga manyan ɗakunan kwamfuta masu shan wuta kaman gari guda, kai kuma kana son duk layin da za a ja sai an yi shari'a da mai awaki? Na ce ranka ya daɗe abun da ya kashe mu a 2021 ba rashin waya ba ne, tashoshin wuta da bututun gas ne suka daskare, ko layi dubu gare ka in ba abun da za ka tura ciki ai igiyar shanya ce. Ya yi dariya ya ce to naji, amma gobe fa.

Gaskiya yana da magana a nan, ana buƙatar layuka, kuma jinkiri kuɗi ne. Hujjarsa ta biyu ma ta fi ta farko nauyi. Ya ce kai ba ka ga yadda 'yan majalisar jiha suka tsani manyan biranen nan ba? Jiha tana hannun 'yan Rifablikan, manyan birane galibi 'yan Dimokurat ne, duk zaman majalisa sai an fito da wata doka ta rage wa birni iko, a 2023 ma an yi wata babba da ta hana birane yin dokokin kansu a fannoni da dama, yau ka ba su ikon layi gobe su ce farashi, jibi su ce a saida kamfanin. Wannan tsoron ba na banza ba ne. Shi ya sa ni iyakata a fili take, cikin gari a bar wa gari, in kamfanin birni zai ja layi ta unguwarmu to mu da kansilanmu ne, mu muka zaɓe shi mu za mu ci ƙaniyarsa, jiha ba ta da hurumi. Da zarar ƙarfe ya tsallaka allon nan da ke cewa nan birni ya ƙare, magana ta canza. Dokar 2015 a nan ta ja layinta, kuma ina ganin ta ja shi a inda ya kamata.

Amma kada wani ya ɗauka PUC ɗin nan wasu waliyyai ne. Bayan bala'in 2021 duka kwamishinoninta uku sai da suka sauka cikin wata guda, na ƙarshensu ma bayan an fitar da muryarsa yana kwantar wa masu zuba jari hankali ne ya ajiye aiki. Yanzu su biyar ne, gwamna ke naɗa su duka. Kuma tsarin sauraron nasu, in ka gan shi kusa, sai jikinka ya yi sanyi. Wasiƙa ana aika ta ne ga wanda layin zai ratsa filinsa, ko wanda gidansa ke cikin ƙafa 300 daga tsakiyar layin, ƙafa 500 in babban layi ne sosai, wanda ke ƙafa 600 zai kalli ƙarfen ta tagar ɗakinsa har ya mutu amma ba lallai a sanar da shi ba. Da can hukumar na da shekara guda ta yanke hukunci, a 2023 aka mai da shi kwana 180. Kamfani ya yi shekara biyu yana shiri da injiniyoyi da lauyoyi da masana tsuntsaye da na tarihi, kai kuma an ba ka 'yan makonni ka cike fom, ka rubuta shaida a tsarin kotu, ka amsa tambayoyin lauyoyi kan lokaci, in ka makara a cire sunanka. Dattijon namu wayar hannunsa ma mai murfi ce. Jikarsa ce ta zo daga makaranta ta zauna ta buɗe masa imel.

Abun da ya fi ci min rai shi ne yadda tsarin ke haɗa maƙwabta faɗa. Tunda an riga an ce layin sai an ja, kuma da wuya ka ga an ce ba a buƙatarsa bayan ERCOT ta sa hannu, abun da ya rage kawai shi ne ta gonar wa. To duk wanda ya tashi kare kansa, a zahiri cewa yake a kai wa na kusa da ni. Dattijon ya nuna min shuɗin layi a taswirar ya ce wannan ta gonar wata bazawara ce da suke coci ɗaya shekara talatin, mijinta shi ya koya masa gyaran injin ban ruwa, yanzu lauyan da suka haɗa kuɗi suka ɗauka shi da wasu mutum shida aikinsa shi ne ya nuna shuɗin ya fi jan dacewa. Ya ce ranar Lahadi ba ya iya haɗa ido da ita. Su kuma masu kuɗin da suka sayi dubban eka don farautar barewa, lauyoyinsu daga Austin suke zuwa da ƙwararru masu ɗaukar dala ɗaruruwa a awa, in ka ga layi ya yi wata irin lanƙwasa a taswira ba gaira ba dalili, sau da yawa in ka bincika akwai mai ƙarfi a cikin lanƙwasar. Doka ta ce a duba tsada, a duba yawan gidajen da ke kusa, a bi gefen titi ko tsohon layi ko iyakar gonaki in zai yiwu, a kula da wuraren tarihi da muhalli da abun da al'umma ke darajawa, duk suna nan a rubuce, amma wanda ya iya jera su da harshen lauya shi ake ji.

Duk da haka da babu gara ba daɗi. Gyara tsarin ke so ba rushewa ba. In da ni ne, sai a ce kamfanin da ke neman layi shi zai biya wani lauya mai zaman kansa da zai tsaya wa ƙananan masu filaye, a faɗaɗa da'irar wasiƙa, a yi zaman sauraro a gundumar da abun ya shafa ba sai Austin ko ta intanet ba, sannan diyyar nan ta sau ɗaya a sake duba ta, don masu injin iska da ke haya a gonaki duk shekara suke biya, ban ga dalilin da zai sa mai ɗauke da wayar da ke kai wutar ya karɓi nasa sau ɗaya a rufe littafi ba. Nebraska ma da duk wutarta ta jama'a ce, ba kamfanin 'yan kasuwa ko ɗaya mai saida wa gidaje, tun 1963 take da hukumar jiha da ke duba irin waɗannan gine-ginen, ba su ce tunda duk namu ne ba sai an duba ba.

Kuma maganar yanzu ta fara girma. A Afrilun 2025 PUC ta amince a fara jan layuka masu ƙarfin kV 765 a Teksas, karo na farko, don kai wuta yankin man fetur na Permian a yamma. Don ku gane girman abun, babban layin da muke da shi a Najeriya, irin na Shiroro zuwa Kaduna, kV 330 ne. Ɗaya daga cikin sabbin layukan zai tashi daga kusa da San Antonio ya nufi wajen Fort Stockton, tafiyar ɗaruruwan mil, kuma kamfanin birnin San Antonio na cikin masu ginawa tare da kamfanin 'yan kasuwa na AEP Texas. Kamfanin gari guda, a gonakin gundumomin da wasu mazaunansu sai su shekara ba su shiga San Antonio ba. Ku ɗauka babu dokar 2015, wa zai saurari mutanen can?

Na kira yayana a Kano muna wannan hirar, ya ce kai ƙanena ku da kuke da wutar ne kuke da lokacin gardamar inda waya za ta bi, mu nan a kawo ta ko ta tsakar ɗakina ce. Na yi dariya amma na ce Yaya ka bi a hankali, don abun ya kusa zuwa ƙofarku. Tun gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da dokar lantarki ta Yunin shekarar, jihohi sun samu damar samar da wuta da ja da rabawa da kuma kafa hukumar sa ido tasu, Enugu da Ekiti da Ondo da Legas da wasu sun riga sun karɓa daga hannun hukumar lantarki ta tarayya, NERC. To a ce jiha ta kafa kamfanin wutarta, gwamna ya naɗa shugabansa, gwamna ya naɗa hukumar da za ta sa masa ido, sannan a ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 gwamnan ne dai ke da ikon soke takardar filinka don amfanin jama'a, kuma diyyar galibi ta amfanin gona ce da gini ba ta ƙasar ba. Manomin da layi zai ratsa gonarsa a kai wuta babban birnin jiha, ƙauyensa kuma ko kwan fitila babu, gaban wa zai je? Yaya ya yi shiru, can ya ce gaban mai gari mana, shi kuma ya ce a yi haƙuri.

Da layya ta zagayo muka koma gonar. Tun daga titi na hango itatuwan nan biyar suna nan. Ba jan aka zaɓa ba, ba kuma shuɗin gaba ɗaya ba, an haɗa guntaye ne aka bi gefen titin gunduma, aka yanki kusurwar gonarsa ta arewa inda yake tara ciyawa, aka ci wani yanki mai ɗan yawa na gonar bazawarar. Na tambaye shi ko ya gamsu, ya ɗaga kafaɗa ya ce an bar shi ya yi magana minti goma gaban alƙali, an rubuta, kuma lauya ya cinye kuɗin awaki arba'in. Alhaji ya ce to a rage mana kuɗin rago mana tunda an ci shari'a. Dattijon ya ce bana ma ƙarin dala ashirin ne kan kowane ɗaya, ya juya ya tafi buɗe garke.